Takardar aikin Auta

Laraba. Tun la'asar maganar nan take cina, na kasa komawa kan nawa aikin.

Auta ya shigo da murnarsa wai wani kamfanin manhaja a Legas ya ɗauke shi, daga gida zai riƙa yi, ga laftop ga kuɗin data. Wallahi na ji daɗi, na san daren da ya raba yana koyon Python, yaren rubuta manhaja, a tsohuwar kwamfutata. Sai na ce to wa zai riƙa duba kod ɗinka, wato rubutun manhajar da ka yi, kafin a tura? Ya ce ai shi kaɗai ne a ɓangaren. Masu gwaji fa? Babu, oga ne ke gwadawa a wayarsa. Wanda ya bar kujerar, me ya kore shi? Shiru.

"Haba Yaya, ka dubi albashin mana."

Na duba, ba laifi, amma naira ce kuma ba a rubuta lokacin ƙari ba, alhali tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Fansho ma ko ambatonsa babu, dokar 2014 kuwa ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sabon shiga ba babba a kansa, zai shekara biyu yana maimaita kuskure ɗaya ba mai ce masa gyara nan, in saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ta faɗi tsakar dare shi za a kira shi kuma za a ɗora wa laifi. A 2019 da Andela, kamfanin da ke samar wa kamfanoni masu rubuta manhaja, ta sallami kusan mutum 400 ai ƙananan ma'aikata ne suka tafi, kasuwa ƙwararru take nema, kuma ba a ƙwarewa a inda ba mai koya maka.

Hajiya daga kicin: "Kar ka sare masa gwiwa, rabonsa ne." Da gaskiyarta, aikin ma samunsa wuya, shi ya sa abin ya dame ni.

 

Na ce ya shiga LinkedIn, dandalin ma'aikata na intanet, ya nemo waɗanda suka bar kamfanin, ya tambaye su ko ana biya kan lokaci, da abin da ake yi wa wanda ya ɓata aiki. Ya ce to, amma ransa bai so ba. Juma'a suke jiran amsa.