Shekarun tsakiya: abin da wakilcin ɗalibai ya koya mini

A Amurka, wanda yake son ya zama likita kuma mai binciken kimiyya yakan bi tsarin MD-PhD, wato haɗa digirin likitanci (MD) da digiri na uku na bincike (PhD). Shekara biyu a aji ana karatun likitanci, sai a koma ɗakin bincike wajen shekara huɗu, sannan a dawo asibiti a ƙarasa sauran biyun. Tun 1964 NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ke ɗaukar nauyin wannan horo a jami'o'i da dama. Ƙungiyar ɗaliban wannan hanya, APSA, tana da wakilai a makarantu, ni kuma na riƙe wakilcin tamu.

A rubuce aikin ba shi da yawa: isar da sanarwa, tunatar da jama'a ranar rufe neman tallafi, da tattara masu zuwa taron shekara da ake yi a Chicago cikin Afrilu tare da manyan likitoci masu bincike. Wannan kowa zai iya.

Inda aikin yake da nauyi shi ne shekarun tsakiya, wato na ɗakin bincike. Ɗaliban likitanci zalla da kuka fara aji tare sun shiga asibiti, kai kana ɗakin bincike kana kiwon ɓeraye, kana jiran gwajin da ya ƙi fitowa. Wata Juma'a cikin Maris su buɗe ambulan su ga asibitin da za su yi horon ƙwarewa, ka taya su murna da zuciya ɗaya, sannan ka koma bakin aikinka da sauran shekaru a gaba. A wannan tsakanin ne mutum yake yin shiru. Makarantar likitanci tana ɗauka yana hannun malamin bincikensa, malamin kuwa sakamako yake jira. Na gane cewa idan wakili bai tako da ƙafarsa ya leƙa ɗakunan nan ba, to da wuya wani ya leƙa. Saƙon imel ba ya gaya maka wane ne ya daina barci.

Dawowa asibiti ma wani tudu ne. Na ga wata ɗaliba da ta kare digirinta na uku gaban manyan farfesoshi ba gargada, amma da ta ɗora abin sauraren ƙirji a kan mara lafiya sai hannunta ya ɗauki rawa, don shekara huɗu rabonta da shi. Shi ya sa muka roƙi 'yan shekarar ƙarshe su riƙa zama da masu dawowa da yamma. Ɗaya ya kwanta a matsayin mara lafiya, ɗaya ya yi tambayoyi, ya auna, ya gabatar da bayani cikin minti kaɗan kamar yadda ake yi a zagayen safe. Kuɗin da muka kashe bai wuce na shayi da biskit ba, kuma a ganina ya fi duk wata lacca da muka shirya amfani.

Sai batun baƙi. Tallafin F30, wanda NIH ke ba ɗaliban MD-PhD, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, don haka ɗalibin da ke kan biza yana iya ɓata mako guda yana shiri a banza. Na mayar da shi ƙa'ida: kowace sanarwa, layinta na farko ya faɗi wanda ya cancanta, kuma in nemo abin da baƙo zai iya nema in haɗa. Da zan sauka, wannan da jadawalin zaman yamma na fara danƙa wa wadda ta gaje ni.