Atamfar lefen Umma da rigar dinata

Da damina ta ɗauke ne muka sauko da adakar Umma ni da ƙanwata, wai mu shanya kayan ciki su sha iska, muna buɗewa warin kafur da tsohon turaren wuta ya buge mu. Can ƙasa ƙarƙashin mayafai muka tarar da atamfar nan, holan ce ruwan ganye da ratsin ja, riga da zani biyu da kallabi, tun ta lefenta a 1984. Umma ta ce a kasuwar Kwari ta Kano aka sayo ta, kuma ita ce a saman akwati ranar da aka kawo kaya, don a lokacin masaƙun Kaduna irin su KTL da UNTL suna aiki, atamfar gida ita ce ta sawar yau da gobe, holan kuwa sai babban sha'ani. Kamfanin da ke yin ta, Vlisco, yana garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, kuma wallahi kalar ba ta koɗe ba ko kaɗan, amma duk inda aka ninke ya ci, kina ɗaga zanin a rana kina hango haske ta layin ninkin, ga asu ya yi ɓarna a hannun rigar.

Na ce Umma wannan fa in aka ƙara barin ta shekara biyar ba abin da za a tsinta, ki bari mu yanka mu fitar da wani abu. Na ɗauka za ta ƙi. Shiru ta yi tana shafa zanin sannan ta ce ku yanka mana, ai ba a likkafani da atamfa. Maganar nan ta tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Ita ce ma ta tuna min da tawa rigar dinar, wacce na sa awa huɗu kacal ta koma leda shekara tara, leshi ne mai duwatsu da net da jela har ƙasa, ba ta zuwa suna ba ta zuwa biki, ga kafaɗar ta fara yin rawaya. Ni dai a ganina in rigarki lafiyarta ƙalau, ki nemi marainiya ko 'yar maƙota da za a aurar ki ba ta, ya fi almakashi lada nesa ba kusa ba. Wacce ta fara lalacewa ce nake magana a kai.

Telar unguwarmu muka kai wa, mace ce mai keken Butterfly a ɗakinta, kuma ta koya min abubuwa. Kafin a taɓa almakashi sai da muka wanke da hannu da sabulun wanka a ruwan sanyi, ba bilic ba matsewa, aka shanya a inuwa. Sannan ta bi layin ninkin nan da alli ta zagaye duk inda ya ruɓe, mai kyan kawai ta ɗiba, ta ce tsohon yadi ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai dole a yi masa shafi da sabon farin yadi a ciki in ba haka ba ɗinkin zai yage shi. Leshin kuma sai da muka zauna da reza muka ɓalle duwatsun da ke kan hanyar ɗinki ɗaya bayan ɗaya don kar su karya allura, yini guda muka yi muna wannan, Umma na gefe tana ba mu labarin waɗanda suka kai ta ɗaki, rabinsu duk sun rasu, Allah ya ji ƙansu.

Zani ɗaya da ya fi lafiya ya zama zanen goyo da majanyi, don ƙanwata na da tsohon ciki. Ɗayan aka fitar da jakar Alƙur'ani guda uku, ɗaya tawa ɗaya tata ɗaya ta yayanmu, sai rigar matashin kai da Umma ta ce a bar mata. Daga rigar dinata kuma aka yi wa 'yata rigar sallah, jelar kaɗai ta isa, aka datsi bakin leshin aka bi gefen jakunkunan da shi, kenan kowace jaka da auren Umma da nawa a jikinta.

Abu ɗaya da zan roƙi duk mai son yin haka, ki yi tun mai kayan na raye ki nemi izininta. In ta riga ta rasu, Allah ya sa ta huta, kayan sun zama na magada, ko kallabi ne sai kowa ya yarda kafin a yanka.

Ranar suna Umma da kanta ta goya jaririyar da zanin, ta ɗaure majanyin ta zaga tsakar gida, wata ƙawarta ta ƙuruciya da ta zo daga Zariya tana shigowa ta tsaya ta ce Hajiya wannan ba atamfar lefenki ba ce?