Abin da aikin ɗaukar malamai da tura su makarantu ya koya min

Duk lokacin da aka tashi maganar lalacewar furamare a Arewa abin da za ka fara ji shi ne babu azuzuwa, babu benci, iska ta yaye rufi, yara na zaune a ƙasa. Duk gaskiya ne, babu musu. Amma ni da na yi shekaru a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a teburin da fayil ɗin malamai ke bi ta kai, abin da na ga ya fi cin yaranmu shi ne waye aka ɗauka ya koyar, sannan kuma ina aka tura shi. Na biyun ma wallahi ya fi na farkon ciwo, kuma shi ne wanda ba kasafai ake maganarsa ba.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, tun dokar UBE ta 2004 kowace jiha tana da hukumar ilimin bai ɗaya wato SUBEB, a ƙarƙashinta kuma kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi da sakataren ilimi ke jagoranta, wanda kowa ke ce wa ES. A doka mafi ƙarancin takardar da mutum zai shiga aji da ita ita ce NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, wanda kuma ya yi digiri ko HND a wani fanni daban sai ya ƙara da PGDE, wato difilomar koyarwa, sannan akwai rajista da lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa tun 1993, wadda daga 2017 ta fara yi wa mutum jarabawa kafin ta ba shi rajista. A takarda tsarin nan ya yi kyau sosai. Matsalar tana tsakanin takardar da ƙofar aji.

Ni dai ban yarda da masu cewa satifiket ba komai ba ne, wai koyarwa baiwa ce kawai. Eh akwai baiwa, na ga masu sa kai da ƙungiyar iyaye da malamai wato PTA ke ba su ɗan abin sabulu suna riƙe aji da zuciya ɗaya fiye da wasu masu albashi, amma idan ka zauna a bayan aji ka kalli wanda ya yi horon koyarwa na gaske da wanda bai yi ba, kafin a buga ƙararrawa ka gane bambancin. Wanda aka horar ya san yadda zai tsara darasi, ya san ba a cika allo da rubutu ga ɗan aji ɗaya, ya san yaron da ya yi shiru a lungu ba lallai ne ya gane ba, yana jefa tambaya ya jira amsa. Wanda ba a horar ba yawanci yadda aka koya masa haka zai koyar, ya faɗa su maimaita, ya faɗa su maimaita, a tashi. Yaro ya kai aji huɗu yana rera karatun da baki amma ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi ya kasa. Saboda haka takarda tana da amfani, sai dai fa sai an tabbatar ta gaske ce, kuma mai ita shi ne ya zauna ya yi karatun.

Nan ne na koyi cewa fotokwafi ba shaida ba ce. Mutum zai kawo maka takardar sakamako ta wucin gadi da ta yi shekara goma a hannunsa, ka ce ina asalin satifiket ya ce bai karɓo ba tukuna. Wani sunan da ke NCE ɗin daban, na takardar haihuwa daban, ga takardar rantsuwar kotu an liƙa a tsakani. Ba duka ne na bogi ba, da yawa sakaci ne kawai, amma hanyar da na ga tana aiki ita ce a rubuta wa kwalejin da aka ce ta bayar a tambaye ta, sannan ranar intabiyu a miƙa wa mutum alli a ce ga allo, koya mana jimlar lamba biyu kamar yara ne a gabanka, a kuma ba shi farar takarda ya rubuta wasiƙar neman aiki da hannunsa a nan take. Minti goma ya isa. Wanda ya iya za ka ga jikinsa ya saki yana ma jin daɗi.

Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba sai da na fara jera fayil, shi ne NCE ɗin ma iri-iri ce. Iyayenmu da suka yi Grade II a kwalejojin horon malamai an horar da su ne su riƙe aji guda su koyar da komai, lissafi, karatu, rubutu, kiwon lafiya, har wasanni da aikin hannu, shi ya sa har yau za ka ji ana yabon tsofaffin malaman nan. Da aka daina Grade II aka koma NCE, yawancin ɗalibai darasi biyu suke haɗawa, misali Hausa da addinin Musulunci, ko tattalin arziki da nazarin zamantakewa, horon da ya fi dacewa da ƙaramar sakandare. Kwas ɗin da aka yi musamman domin furamare, wato PES, kaɗan ne suke zaɓarsa don ana yi masa kallon na waɗanda suka rasa gurbi. To sai ka ɗauki mai tattalin arziki ka ba shi aji ɗaya mai yara sun haura ɗari, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35, ka ce ya koya musu haruffa. A rahoto za a rubuta makarantar tana da ƙwararren malami, kuma ba ƙarya aka yi ba, amma ba a wannan aikin ya ƙware ba. Tun da na gane haka, duk fayil ɗin da na ga PES ko ilimin ƙananan yara a ciki sai na ware shi gefe ina roƙon a kai shi aji ɗaya zuwa uku, domin idan yaro ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo.

Yanzu maganar fostin, wato tura malamai makarantu, wadda ita ce ta fi damuna. Idan ka ɗauki jimillar malaman ƙaramar hukuma ka raba da yawan yara, lissafin ba zai yi muni sosai ba, wani lokaci har ka ce ai da sauƙi. Amma je ka makarantar cikin gari ta bakin titi, za ka tarar malamai sun cika ofis har wasu na zaune a gindin bishiya don babu ajin da za su shiga, mutum uku suna raba darasi ɗaya, sannan ka hau mashin ka yi tafiyar awa guda cikin yashi ka isa ƙauyen da ke da aji shida amma hedimasta ne kawai da malamin Arabiyya, ranar da hedimastan ya tafi ofis kai rahoton wata ko ya je banki, makarantar ta zama rabi. Waɗannan yaran su ma 'yan ƙaramar hukumar ne, da kason kuɗinsu ake biyan albashin waɗancan na gindin bishiyar, iyayensu ma sun yi layi sun yi zaɓe. Ba su da wanda zai ɗaga waya ya yi magana a kansu ne kawai.

Don gaskiyar magana waya ce ke yin fostin a wurare da yawa. Yau ka buga takardar transfa, kafin tawada ta bushe an kira daga sama, wane ɗan wane ne, wance matar wane ce, a bar ta inda take. Wani zai zo da 'yar takarda daga ɗan siyasa, ba ya ma son koyarwar, albashin yake so kafin ya samu wani aikin. Har na ga wanda sunansa ke kan albashi yana can birni yana kasuwancinsa, ya samu wani yaro da ya gama sakandare yana ba shi wani abu duk wata yana shiga aji a madadinsa. Irin wannan idan sifeto bai je ba zato ba, ko kuma 'yan kwamitin kula da makaranta na garin, wato SBMC, ba su buɗe baki ba, sai a shekara ana yi.

Sai dai kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ɗora wa malamai laifin duka ba. Malamin da ka tura ƙauyen da babu gidan malamai, babu ruwa mai kyau, babu asibiti kusa, kuɗin mai na zuwa da dawowa ya cinye kusan rabin albashinsa, damina ta yi rafi ya cika hanya ta yanke, me kake so ya yi? Matar aure mai goyo da ka tura nisan da sai ta hau mota biyu, ka san ba za ta jure ba, kai ma ba za ka bar taka ta je ba. A ranar malamai ta duniya ta 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawura ciki har da alawus na malaman karkara da gidaje, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65 ko shekara 40 a aiki. Ƙarin shekarun ya taimaka wajen riƙe tsofaffin hannu inda aka aiwatar, amma alawus ɗin karkarar ni dai a yankin da na yi aiki ban ga malamin furamaren da ya karɓa ba, alhali shi ne abin da zai fi sa mutum ya zauna a ƙauye da son ransa.

Abin da ya faru a Kaduna a 2017 duk wanda ke harkar nan ya bi shi sau da ƙafa. Gwamnatin El-Rufa'i ta yi wa malaman furamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, aka ce sai mutum ya ci kashi 75, aka sanar cewa 21,780 sun faɗi, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki, gwamnati ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne a cikin sababbin ma daga baya aka sake sallamar 4,562, wato ko ɗaukar gyara idan aka yi ta cikin gaggawa ruɓaɓɓu za su bi ta ciki. A Borno kuma kwamitin da Gwamna Zulum ya kafa ya kawo rahoto a 2022 cewa cikin malamai 17,229 da aka gwada 5,439 ne kawai suka cancanta, 7,975 za su iya gyaruwa idan aka horar da su, 3,815 kuma ko horon ba zai yi musu ba. Ni wannan rabon gida uku ya fi kwanta min, domin abin da nake gani kenan a fayil da kuma a aji. Akwai wanda bai kamata a bar shi da yara ko na kwana ɗaya ba, wannan a nema masa wani aikin. Amma kaso mafi yawa mutane ne da idan aka tura su NTI, cibiyar horar da malamai da ke Kaduna tun 1976 don irin wannan aikin, ko aka haɗa su da gogaggen malami yana duba su, za su tashi. Kuma da yawansu su ne 'yan asalin ƙauyukan da baƙo ba ya zama, idan ka kore su rana ɗaya ba ka tanadi wanda zai kwana a garin ba, ajin rufewa zai yi.

Shi ya sa na koma ina ganin maganin ƙauye yana cikin ƙauyen. A kusan kowace gunduma yanzu akwai yaran da suka gama NCE a Gumel ko Dutsinma ko Azare ko Sakkwato suna zaune a gida, wasu na noma wasu na acaɓa. Idan za a ɗauki malamai, a fara da lissafin giɓi makaranta-makaranta, a ce makarantar kaza tana buƙatar mutum uku, ɗaya na lissafi biyu na ƙananan azuzuwa, a tallata gurbin da sunan makarantar, wanda ya nema ya san can zai zauna, a rubuta masa a takardar ɗauka cewa babu transfa sai bayan wasu shekaru. Ɗan gari ba ya buƙatar kuɗin mota, kuma yana jin kunyar iyayen yara don a masallaci ɗaya suke sallah, idan bai zo ba kafin azahar mai unguwa ya ji. Amma fa shi ma sai ya ci jarabawar ɗaukar aiki, zama ɗan gari ba zai maye gurbin iya aiki ba.

Mata kuma abin nasu ya fi haka muhimmanci. Na ga garin da iyaye ke cire 'ya'ya mata da sun kai aji huɗu ko biyar, da aka samu malama 'yar garin ta fara koyarwa sai ga su suna barin su, don uwa tana iya shiga wajenta ta yi magana, yarinya kuma tana da wadda za ta gaya wa damuwarta. Haka harshe. Makarantar 'ya'yan makiyaya da ka tura wa malamin da ba ya jin Fulatanci, yaran aji ɗaya kallonsa kawai za su yi, ga takardarsa cikakkiya amma babu hanyar da maganarsa za ta shiga. Wannan ba ya cikin fom ɗin da ake cikewa, sai wanda ke teburin ya tambaya da bakinsa.

Abu ɗaya mai sauƙi da na ga ya rage rigima shi ne liƙa jerin fostin a bangon ofis kowa ya gani, makaranta kaza yara kaza malamai kaza, a kuma ba hedimastoci da shugabannin SBMC kwafi. Da zarar mutanen ƙauye sun ga da idonsu cewa makarantar cikin gari tana da malamai fiye da azuzuwanta ninki biyu su kuma suna da biyu tak, da kansu suke haɗa tawaga da dagaci su zo wajen ES, wani lokaci har wajen ciyaman, kuma mai kiran waya ma yana rage ƙarfin hali idan ya san za a ga sunan wanda ya hana a taɓa. Ba kuɗi ake kashewa ba, takarda ce da gam, sai dai a sabunta jerin duk farkon zango domin masu ritaya da masu tafiya ƙaro karatu suna barin giɓi, kuma kusan kullum makarantun nesa ne ake mantawa a cike musu.