Talata, ni da DataGrid

Yau aiki ɗaya na sa a gaba tun safe, wai in mutum ya danna layi sau biyu da maus a teburin bayanai, wato DataGrid, wata taga ta buɗe ta nuna masa cikakken bayanin layin. Manhajar da WPF (tsarin gina manhajojin Windows) da yaren C# aka rubuta ta. Oga cewa ya yi ai wannan aikin minti goma ne, na ce toh Allah ya sa.

Abokin aikina ya ce kawai in kama SelectionChanged, wato sanarwar da ke tashi in an sauya layin da aka zaɓa, in huta. Ni kam ban yarda ba, don wannan zaɓi yake gani ba danni ba, in layin dama a zaɓe yake ko ka danna har yatsanka ya gaji shiru za ka ji, sannan in mutum yana sauka da kibiyar kibod shi ma tashi yake yi a kowane layi, ka ga kenan taga za ta yi ta faɗo wa mutum ba gaira ba dalili.

Wanda ya riƙe aikin kafin ni kuma MouseDoubleClick, sanarwar danni biyu, ya ɗora a kan tebur ɗin gaba ɗaya yana karanta SelectedItem, wato layin da yake a zaɓe. Na gwada a gabansu, na danna kan tebur inda sunayen ginshiƙai suke, taga ta buɗe. Na danna sandar gungurawa, ta sake buɗewa, kuma bayanin layin da aka zaɓa tun ɗazu take kawowa. Wallahi irin wannan ya fi ban tsoro, don ba kuskure yake nunawa ba balle ka farga.

Abin da na yi shi ne na bar layin da kansa ya saurara. A cikin RowStyle, inda ake tsara layuka, na sa EventSetter, mai haɗa sanarwa da kod, ya kama MouseDoubleClick a kan DataGridRow, wato layin da kansa, shikenan sender, wanda ya aiko sanarwar, shi ne layin da aka taɓa, Item ɗinsa kuma shi ne bayanin. Da na zo kama danni sau ɗaya kuma ya ɗan ja ni, sanarwarsa MouseLeftButtonDown ba ya isowa layi saboda akwatin bayani da ke cikin layin ya riga ya karɓe shi ya ce ya gama da shi, sai da na koma PreviewMouseLeftButtonDown, shi daga sama yake gangarowa kafin akwatin ya gan shi.

Sai wancan layin banza na ƙarshe da ke fitowa in CanUserAddRows, mai ba mutum damar ƙara layi, a kunne yake, shi ma layi ne amma babu bayani a ciki sai NewItemPlaceholder mai riƙe wa sabon layi wuri, dole ka tace shi ko manhaja ta faɗi. A WinForms, tsarin da ya riga WPF, dai na tuna duba RowIndex, lambar layi, kawai ake yi, in ya ba ka -1 ka san wurin sunayen ginshiƙai aka danna.

Da la'asar oga ya zo ya danna ko'ina bai samu komai ba, sai ya ce gobe yana son dannin dama ya fito da menu.