Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kaset ɗin Baba

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na tsaya daidai inda muka buɗe akwatin ƙarfen Baba bayan sadakar arba'in, a ɗakinsa na gidanmu na Birni, to yau zan faɗa muku abin da ke ciki da yadda muka kusa ɓatawa ni da Yaya babba a kansa.

Ba wata dukiya ba ce. Littafinsa na soja ne da takardun suka yi ja, da lambobi uku a naɗe cikin tsumma, da hoto ɗaya yana saurayi da jar dara a ka, sai kaset huɗu masu minti 90 waɗanda ni da hannuna na ɗauka a damanar 2003, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ni har na ɗauka sun ɓace, ashe shi ya kwashe su ya adana.

Mu dai mun tashi mun san Baba tsohon sojan Faransa ne, mazan jiya kamar yadda ake ce musu, amma bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin yaƙi ba, ko sau ɗaya. Abin da muka sani shi ne ba ya son ƙarar tsawa, in hadari ya haɗu kowa a Damagaram murna yake yana jera bokitai da randuna, shi kuwa sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Inna kan ce mu ƙyale shi kawai. Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi nake zuwa kullum bayan la'asar ina shafa masa man zafi, wata rana shi da kansa ya ce "Uwata, ɗauko rediyon nan taki mai kaset." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A kaset na farko ya faɗi yadda aka ɗauke shi a 1950, lokacin da kumandan, Baturen mulki, kan aika wa masu gari a kawo samari, aka tara su a bariki aka auna ƙirji aka duba haƙora, wanda aka zaɓa ya tafi. Daga baya shi da kansa ya sa hannu ya ƙara shekaru, don a cewarsa gida babu, kuma kuɗin da yake aikowa da su ake biyan haraji. Ya faɗi jirgin ruwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba ya kwana da kwanaki yana amai, suka ratsa mashigin Suwez har Saigon ta ƙasar Vietnam, daga can aka tura su arewa wajen Hanoi cikin gonakin shinkafa. A nan ya fi daɗewa yana magana wallahi, kuma ba maganar harbi ba, maganar ruwa. Ya ce su kwana a ruwa su wuni a ruwa har ƙugu, matsattsaku su manne a cinya sai an ɗora musu wutar taba kafin su saki, fatar ƙafa ta yi fari ta riƙa saɓulewa da safa. Ya ce "ruwan da muke roƙo a nan ana fita sallar roƙon ruwa, can shi ya ci ƙafafunmu." Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a garin nan tun asuba zai gane me ya sa wannan maganar ta zauna mini. Bai je Diyen Biyen Fu, babban sansanin sojan Faransa a can, ba, amma ya ce ranar da labari ya zo sansanin ya faɗi, 7 ga Mayu 1954, sun ga fuskokin hafsoshinsu sun san an gama.

Kaset na uku shi ne na Aljeriya, inda aka kai su duwatsun Ores a 1956. Yana cikin faɗin wata asuba da suka kewaye wani ƙauye, suna kwance bayan duwatsu cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba ko a tsakiyar hunturu, sai ladan ya kira salla daga cikin ƙauyen, kira irin wanda ya tashi yana ji a masallacin unguwa. Daga nan za ka ji ya yi shiru, za ka ji kaza tana kuka a tsakar gida, sai ya ce "kashe abin nan." Sai ƙas.

Abin da ya faɗa bayan na kashe, ni kaɗai na ji. Kaɗan zan taɓa a nan, shi ma da yardar Yaya. An fito da mutane daga gidajensu, an sa wa rumbunansu wuta, wani dattijo ya kama hannun Baba yana ta magana da Larabci, shi kuwa Larabcinsa na allo ne, kalma ɗaya ya gane, Musulmi. Ya ce shekara arba'in da bakwai ke nan bai yi sallar asuba ba tare da ya tuna hannun nan ba.

To a nan rigimar ta taso. Ni na ce a faɗa wa jikoki duka, Yaya ya ce sam, tunda mai abin da kansa ya ce a kashe, rufin asiri ya nema, kuma ba a tonon wanda ke kwance a ƙasa. Mun kai wata biyu gaisuwa kawai muke yi. Kuma gaskiya Yaya yana da hujja, ban raina ta ba. Amma ni abin da na tsaya a kai shi ne Baba bai yi shiru ba, kaset ya hana, ni bai hana ni ji ba, har ya ce "ki riƙe." In muka ba yara hoton jar dara da lambobi kaɗai to rabin mutum muka ba su, su tashi suna ganin yaƙi ado ne. Balle ma ladan da ya samu, Faransa ta daskarar da fanshonsu da dokar 1959, Bature da suka kwana rami ɗaya yana karɓar ninkin ba ninkin, sai a 2007 aka fara daidaita wani sashe, sauran sai 2011, lokacin Baba ya shekara shida a kabari.

Goggo ce ta raba mu, Allah ya ƙara mata lafiya. Ta ce abin da ke kaset na kowa ne a gidan, abin da ba ya kaset kuma a faɗe shi baki da baki, ga wanda ya mallaki hankalinsa, a zaune ba a tsaye ba. A haka muka tsaya.

Aikin kwashe muryar ma, da sai bayan shekaru muka yi shi, bai zo da sauƙi ba, ƙura ta shiga kaset na biyu zaren ya manne, na zauna da biro ina juya shi a hankali amma duk da haka kusan minti goma sun tafi, har yau in na tuna raina sai ya ɓaci don na yi sakaci shekaru ban duba su ba. Sauran mun ari tsohuwar rediyo wajen wani mai gyara a kasuwar Dole, muka kunna cikin dare da gari ya yi tsit muka ɗora waya kusa da lasifika, aka tura wa 'yan uwa na Yamai da na Kano ta WhatsApp, na kuma rubuta komai a littafi don waya ba abar dogara ba ce.

Kaset na huɗu gajere ne, sunaye kawai ya jera na waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, mutum goma sha ɗaya, kowa da sunan ubansa da garinsu, akwai na Gure, na Magarya, na Tanut, da wani ɗan Mirya da ya ce a hannunsa ya cika kuma bai taɓa samun ƙarfin zuwa ya gaya wa uwarsa ba. Ɗana na fari da ya ji wannan sai ya ce "Mama, Mirya fa nan ce kusa, me zai hana mu je mu nemi gidansu?" Ranar Lahadi ta kasuwa muka shiga mota ni da shi da Yaya, da sunan a rubuce a takarda. Abin da muka tarar sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.