Ƙwayar batir ɗin da ta faɗi ƙasa

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani shago da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, inda muke haɗa batiran litiyam na sola da na fitilu masu caji. Muna sayo ƙwayoyin batir a kwali, mu jera su, mu liƙa su da allon da ke lura da caji, wanda muke kira BMS. Na daɗe ina ɗaukan tukunyar kashe gobarar da ke rataye bakin ƙofa a matsayin duk kariyar da muke bukata, sai da wata rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kwanon rufi ke turo shi kanmu, ta canza mini tunani.

Wani yaron shagonmu ya yar da ƙwaya ɗaya, irin masu lamba 18650 da ake samu a batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, cike da caji har bolt 4.2. Gefenta ya ɗan lotsa, shi kuwa don gudun faɗa sai ya mayar da ita cikin kwali ya yi shiru. Bayan la'asar muka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, sannan tsaki, sannan farin hayaƙi. Na fesa hodar da ke cikin tukunyar kashe gobara har harshen wutar ya kwanta, amma kafin in ajiye tukunyar, ƙwayar da ke kusa da ita ta tashi. Maigidanmu ne ya daka mini tsawa: "Kashe layin wuta, ka kawo ruwa!" Da shebur ya tura kwalin tsakar fili, muka yi ta kwarara masa ruwa har ya huce.

Daga baya na fahimci dalili. A cikin kowace ƙwaya akwai wata siririyar leda da ke raba ɓangarorinta biyu. Idan duka ya huda ta, ko zafi ya narkar da ita, sai ɓangarorin su haɗu, zafi ya haifi wani zafin, ita kanta ƙwayar ta riƙa fitar da iskar da wuta ke ci. Hoda tana kashe harshen wuta ne kawai, ba ta sanyaya cikin batir ba, shi ya sa maƙwabciyar ta kama. Hayaƙin ma guba ne, kuma kwana biyu na yi maƙogwarona yana kartata.

A watan Yunin 2024 gobara ta tashi a wata masana'antar batir da ke Hwaseong a Koriya ta Kudu, mutum 23 suka rasu, akasarinsu ma'aikata 'yan China. Batiransu ba irin namu masu caji ba ne, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ma'aikatan suka tsaya fesa tukunya har hayaƙi ya rufe ɗakin, alhali lokacin gudu ne. Abin da na yi ke nan, Allah ne dai ya kiyaye.

Yanzu duk ƙwayar da ta faɗi, ko ta kumbura, tana tafiya cikin bokitin ƙarfe mai yashi a waje, ba ma barin caji ya kwana ba kowa, kuma ba ma tara kwalaye wuri ɗaya. A ganina, abin da ya fi waɗannan duka amfani shi ne alkawarin da maigida ya yi cewa ba za a cire wa yaro ko sisi ba idan ya faɗi cewa ya yar da ƙwaya, domin tsoron biya ne ya mayar da waccan cikin kwali. Ƙofar baya ce har yau muke kai ruwa rana a kanta: shi yana son ta a garƙame saboda ɓarayi, ni kuma kullum da safe sai na cire kwaɗon na rataye shi a ƙusa don mu sami hanyar gudu idan wuta ta tashi.