Daga Kano zuwa Zariya: yadda famfon mai ya tsayar da mu a Kwanar Dangora

Bayan sallar asuba muka bar Kano ni da kawuna a Honda Accord ɗinsa ƙirar 2003. Mun wuce Kura lafiya, muna dab da Kwanar Dangora mota ta fara shessheƙa, ta mutu. Ana murɗa makulli inji yana juyawa da ƙarfi, amma ba ya kamawa.

Kawu ya ce, "Famfon mai ne, a nemo sabo." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri mu fara bin wuta tukuna."

Irin wannan motar, da an murɗa makulli fitilun dashbod suka kunnu, famfo yakan yi ƙugi na kamar daƙiƙa 2 don ya cika layin mai. Na kasa kunne a bayan mota, shiru. Na zare fiyus ɗin famfo mai amfiya 15 a ƙarƙashin sitiyari, bai ƙone ba. Na ɗora yatsa kan rile, wato na'urar da ke sakar wa famfo wuta, kawu ya murɗa makulli, na ji ta ce ƙas. Ke nan kwamfutar mota tana ba da umarni, matsalar tana can baya.

Muka kwashe kaya daga but, na buɗe murfin da ke kan tanki, na zare soket ɗin famfo. Mitar gwajin wuta ta nuna volt 12. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, su ce wuta ta iso, famfo ne ya mutu. Mita ba ta jan wutar kirki, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage za ta nuna 12, shi kuwa famfo amfiya da yawa yake ja. Sai na ɗauko ƙwan fitilar gaba mai watt 55, wanda ke jan fiye da amfiya 4, na jona shi tsakanin wayar wuta da baƙar wayar da ke komawa jikin mota. Ja kawai ya yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da na mayar da ƙafarsa ɗaya kan tsiraicin ƙarfen mota, ya haska fes, ke nan matsalar tana kan baƙar wayar. (Wannan gwajin a yi shi tanki na rufe, babu warin fetur, babu mai sigari a kusa.)

Na bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta da noti. Notin ya saki, tsatsa ta ci kan wayar, robar ta yi baƙi saboda zafi. Na kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, na yanke ƙonannen kan na sa sabo, na ɗaure da sifana mai lamba 10.

Kawu ya murɗa makulli, famfo ya yi ƙuginsa, mota ta tashi bugu ɗaya. Muka sha shayi a bakin titi, muka bi ta Tashar Yari, kafin azahar muna Ƙofar Doka.